Yadda Za A Ba Yaro Antibayotik Ba Tare Da An Koya Wa Cuta Bijire Masa Ba

Duk wanda ya haura shekara talatin a ƙauyukan Kano da Jigawa zai iya tuna zamanin da kulorokwin ke sauke zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu ko uku, in ka ɗauke ƙaiƙayin da yake sa wa wasu. Sannu a hankali aka kai lokacin da za a sha a ƙara sha amma zazzaɓin yana nan daram, har ta kai a shekarar 2005 Nijeriya ta ajiye shi ta koma ga magungunan haɗi da ake kira ACT. Ba a rage wa maganin ƙarfi ba, jinin mutane kuma bai canza ba. Ƙwayar cutar ce ta gano lagonsa ta daina jin sa. Wannan hanyar ce magungunan antibayotik suka kamo a yau, wato su amoksisilin da Ampiclox da Septrin da Flagyl da sauran kafso da sirof ɗin da ake ɗura wa yara, kuma abin da iyaye ke yi a tsakar gida yana da hannu dumu-dumu a cikin saurin tafiyar.

Manomin wake ya fi kowa saurin gane yadda abin yake. Idan ya tsinka maganin feshi da ruwa fiye da kima domin ya ishi gona, raunanan ƙwari za su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, baɗi kuma ya tarar da gonarsa cike da jikokin waɗanda maganin bai kashe ba. Haka bakteriya suke, wato ƙwayoyin cutar da antibayotik ke kashewa, sai dai su hayayyafarsu ba ta jiran damina, domin wasunsu kan rabu gida biyu cikin minti ashirin, kuma suna iya miƙa wa juna dabarar kauce wa magani. Duk lokacin da antibayotik ya shiga cikin yaro, ko yana bukatarsa ko ba ya bukata, yakan kashe masu rauni daga cikin ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsa da hancinsa da fatarsa, ya bar wa masu bijirewa fili. Su kuwa ba sa tsayawa a jikin yaro ɗaya, suna bin kashi da hannu da ƙuda da ruwan rijiya su isa ga ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta. Shi ya sa ake samun jaririn da bai taɓa lasar magani ba, amma cutar da ta kama shi ta ƙi jin allurar farko da ta biyu. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kimanin ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yankin da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya hango haka tun 1945, inda ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel cewa shan maganin da bai kai adadi ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Aikin farko yana zuwa ne tun kafin a taɓa kwalba, wato a san irin ciwon da yaro ke fama da shi. Antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Mura, da mafi yawan tarin da ke zuwa da ƙurar hunturu, da ƙyanda, da ƙarambau, da yawancin gudawar ruwa-ruwa ta ƙananan yara, duk ƙwayar bairas ce ke kawo su, wata irin ƙwayar cuta ce dabam da bakteriya, kuma kafso ko na naira dubu nawa ne ba ya taɓa ta. Yaron da ke mura zai yi majina da tari da ɗan zafin jiki, ya warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma majinar ta yi kauri ko ta koma ruwan ɗorawa ko kore a tsakiyar ciwon ba ya nufin ana bukatar antibayotik. Abin da yake bukata shi ne nono a kai a kai, ruwa da kunu mai ɗumi, farasitamol daidai nauyinsa idan zafin jiki ya dame shi, a goge masa hanci, a kuma nisantar da shi daga hayaƙin murhu. Ana iya ba wanda ya haura shekara ɗaya ɗan zuma domin tari, amma wanda bai kai shekara ba kada a ba shi zuma sam. Sau da yawa uwa takan ce sai da aka ba shi Septrin sannan murar ta tafi, alhali kuwa lokacin tafiyarta ne ya yi.

Abin da ke tsorata iyaye, kuma suna da gaskiya, shi ne kada murar ta zama ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, wadda ke cikin manyan masu kashe yara a ƙasar nan. A nan akwai wata dabara da a ganina ya kamata kowace uwa da kowane uba su iya ta kamar yadda suka iya ƙirga kuɗi, ita ce ƙirga numfashi. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ko yana shan nono ba, a kwantar da shi a cinya, a ɗage masa riga, a kunna agogon wayar hannu, a ƙirga sau nawa cikinsa ko ƙirjinsa ya taso a cikin minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya kai 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya ma'aunin 50 ne, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Idan an yi shakka a sake ƙirgawa. Bayan haka a dubi ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare: idan wurin yana lotsawa ciki duk sanda yaron ya ja numfashi, wannan alama ce mai nauyi. Wannan shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar, shi ne kuma malaman asibitin sha-ka-tafi ke aiki da shi. Yaro mai tari da saurin numfashi ko lotsawar ƙirji a kai shi asibiti a ranar, domin shi ne wanda amoksisilin zai ceta. Mai tari da majina wanda numfashinsa yake daidai, yana ci yana sha yana wasa, a kula da shi a gida ana sake ƙirgawa safe da yamma, sai dai idan tarin ya wuce kwana 14, a nan sai a je a bincika ko tarin tibi ne ko asma.

Zazzaɓi kuma ba a yi masa hasashe. A yi gwajin ɗigon jinin yatsa na maleriya, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Idan ya nuna akwai, maganin maleriya ake bayarwa na kwana uku, babu dalilin haɗa masa da kafso don wai a ƙara ƙarfi. Idan ya nuna babu, malamin asibiti zai duba kunne da maƙogwaro da ƙirji da fitsari. Ina ganin a nan ne aka fi zaluntar yara, domin kusan kowane zazzaɓi a yau sunansa "maleriya da taifot". Gwajin Widal da aka saba dogaro da shi yana yawan nuna akwai taifot ga wanda ba ya da ita, musamman a yankin da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar, don haka sakamakonsa shi kaɗai bai isa a ɗora yaro a kan magani mai ƙarfi ba, sai ma'aikacin lafiya ya haɗa da alamomin da ya gani. Tun 2016 aka samu taifot a lardin Sindh na Fakistan wadda ta bijire wa kusan duk magungunan sha da aka saba ba ta, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gudawa tana da nata camfin. Da zarar yaro ya fara zawo a watannin fitar haƙori, sai a ce haƙori ne, a aika a sayo Flagyl, ko a fasa kafso mai ja da rawaya a zuba a kunu. Wannan kafson tetarasaikilin ne, kuma bai dace da yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana ɓata launin haƙoran da ba su ma fito ba, ɓacin da ba ya gogewa. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari na ORS ne, a dama shi da tsaftataccen ruwa daidai adadin da aka rubuta a jikin ƙunshin, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. A haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 ga wanda ya kai wata shida, 10 ga wanda bai kai ba, a ci gaba da nono da abinci. Gudawar da ke bukatar antibayotik ita ce mai jini, wato atini, sai kuma amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa a lokacin ɓarkewar kwalara, kuma duka biyun aikin asibiti ne.

Haka nan al'adar ɗiga wa sabon jariri Ampiclox tun kafin suna, wai don a wanke masa ciki ko cibiya ta warke, ba ta kare shi daga komai, sai dai ta kashe masa ƙwayoyin hanji masu amfani waɗanda yake tarawa daga nonon uwa. Abin da aka amince a shafa wa cibiya shi ne man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti, a cibiyar kaɗai, kada ya kusanci ido. Ungozoma da kaka su ne suka fi faɗa a ji a ɗakin maijego, don haka da su ya kamata a fara wannan magana, cikin ladabi, tun ana goyon ciki.

Kada wani ya fahimci cewa ana hana yara magani ne. Akwai yaran da jinkirin awa kaɗan ke iya raba su da ransu. Jaririn da bai kai wata biyu ba idan jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau ko ya ƙi kama nono, da yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko wuyansa ya sanƙare a lokacin zafin bazara da sanƙarau ke yawo, duk waɗannan a nemi abin hawa a tafi, ko da tsakar dare ne. Mashaƙo, wadda ta ɓarke a ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha jin jiki, tana farawa ne da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu da ke shimfiɗuwa a maƙoshi, kuma tana bukatar antibayotik tare da allurar karya dafinta a asibiti; kai irin wannan yaro wurin wanzami a cire masa belu ɓata lokaci ne mai haɗari. Yaro mai tamowa mai tsanani ana ba shi amoksisilin a cibiyar da ake raba abincin gina jiki ko da bai nuna zazzaɓi ba, mai sikila likita kan ɗora shi a kan fenisilin na kullum, mai tarin tibi kuma yakan sha magani wata da watanni, wanda ake bayarwa kyauta. Duk waɗannan amfani ne a kan ƙa'ida, kuma domin maganin ya ci gaba da yi wa irinsu aiki ne ake roƙon a daina ɓarnatar da shi a kan mura.

Idan za a nemi magani, a tafi da yaron. Abin da aka saba gani shi ne maigida ya hau babur shi kaɗai ya tsaya a kemis ya ce, "Malam, yaron nan ne jikinsa da zafi, a haɗa mini na ɗari biyar," a ƙulle masa ƙwaya uku da kafso biyu a leda. Wanda bai ga yaro ba, bai auna nauyinsa ba, bai ƙirga numfashinsa ba, ba shi da hanyar sanin abin da ya dace, kuma adadin maganin yara da nauyi ake lissafa shi. A gaban malamin asibiti kuma kada kunya ta hana uwa tambaya: "Malam, mene ne sunan ciwon? Wannan maganin antibayotik ne? Sau nawa a rana, kwana nawa, kuma me zan gani in dawo da shi?" Idan ya ce babu bukatar antibayotik, ya yi aikinsa ne, bai kamata a fita ana cewa bai iya ba a zarce wani wurin. Matsin iyaye na cikin abin da ke sa ma'aikata rubuta maganin da su kansu sun san bai zama dole ba. Haka ma naci a kan allura. Ga yaron da ke iya haɗiya, amoksisilin na sha yana maganin nimoniyar da ba ta yi tsanani ba kamar yadda allura ke yi, alhali allurar da wanda bai ƙware ba ya yi a ɗuwawu tana iya zama ƙurji ko ta taɓa jijiya ta bar yaro da jan ƙafa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na farawa da su, irin su amoksisilin, na taka-tsantsan, irin su allurar seftirayazon da sifurofuloksasin, sai na ajiya, waɗanda ba a taɓawa sai komai ya gagara. Wanda ya fara da na biyu a kan ƙaramin ciwo ya cinye irin shukarsa tun kafin ruwa ya sauka.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ba a kuma raina ta. Amma idan an rubuta na kwana biyar, a sayi na kwana biyar, domin na kwana biyu shi ne tsinkakken feshin da aka ambata, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya faɗa wa malamin a fili, sau da yawa akwai irinsa mai sauƙin kuɗi da ke aiki ɗaya. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, a kuma guji maganin da ake tallarsa a faranti ko bayan babur ranar kasuwa, wanda ya wuni a rana, domin zafi yana rage masa ƙarfi ko da asalinsa mai kyau ne.

Wajen bayarwa, sirof ɗin da ya zo a gari ana fara girgiza shi garin ya saki, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce har zuwa layin da ke jikin kwalbar, a girgiza, a sake duba layin, kuma a riƙa girgizawa kafin kowane sha. A auna da ɗan kofi ko sirinjin da ya zo da shi, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Sau biyu a rana na nufin tazarar awa goma sha biyu, kamar bayan Asuba da bayan Magariba. Sau uku kuma tazarar awa takwas, wato da Asuba, da Azahar, da lokacin kwanciya. Idan an manta, a ba shi da zarar an tuna, amma idan lokacin na gaba ya kusa kada a ninka. Idan ya amayar nan take, a bari ya huta kaɗan a sake ba shi. Idan aman ya ci gaba a koma asibiti. Sirof ɗin da aka dama ba ya daɗewa, yawanci mako ɗaya ne zuwa biyu, wasu irin su Augmentin kuma sai da firji. A garin da babu wuta a ajiye kwalbar a inuwa kusa da randa, inda hannun yara ba ya kai, ko ma tun farko a tambayi ƙwayar amoksisilin mai narkewa, wadda ake jefawa a ɗan ruwa ko nonon uwa a cokali, domin ta fi jure zafinmu kuma adadinta ba ya kuskure.

Yawanci a rana ta biyu ko ta uku yaro zai warware ya fara wasa, a nan ne kuma ake yawan ajiye kwalba. A cika kwanakin da aka faɗa, kada a rage, kada kuma a ƙara da ra'ayin kai. Idan kwana biyu zuwa uku suka wuce babu sauƙi, a mayar da shi inda aka rubuta maganin tare da kwalbar, maimakon a sayo wani a ɗora. Ɗan sakin ciki abu ne da aka saba gani. Amma ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko kumburin fuska da leɓe, ko sarƙewar numfashi, ko gyambo a baki da ido tare da saɓulewar fata, wanda Septrin kan jawo wa wasu, suna nufin a tsayar da maganin a garzaya asibiti.

Ragowar magani ba a ajiye wa ƙane, ba a kuma ba maƙwabciya aro don ɗanta ya yi irin tarin. A mayar da shi asibiti, in hakan bai yiwu ba a cakuɗa shi da toka ko ƙasa a ƙulle a binne nesa da rijiya. Kada kuma a juye shi a ruwan kaji, kamar yadda ake yi da kafso idan ciwon kaji ya shigo gari, domin ƙwayoyin da suka bijire a cikin kaza da akuya suna dawowa ga yaron da ke rarrafe a tsakar gida ɗaya da su. Dabbar da aka yi wa allurar antibayotik akwai kwanakin da malamin dabbobi ke faɗa a dakata da shan nononta da cin namanta, a kiyaye su.

Yaron da bai kamu ba shi ne wanda ba a ba magani, don haka katin rigakafi na cikin wannan aiki. Allurar Penta, wadda Nijeriya ta fara a 2012, tana kariya daga mashaƙo da tarin shiƙa da wata ƙwayar da ke kawo nimoniya da sanƙarau. Rigakafin nimoniya na PCV ya shigo daga ƙarshen 2014, ɗigon rota na gudawa kuma a 2022. Ana karɓarsu a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ƙyanda a wata 9 da wata 15, duk kyauta. A haɗa da nono zalla wata shida, gidan sauro, maganin kariyar maleriya da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, da wanke hannu da sabulu bayan wanke wa yaro kashi da kafin ba shi abinci.

A ƙarshen kowace jinya, a sami wanda ya iya rubutu a gidan, ko da boko ko da ajami, ya rubuta a wata takarda sunan maganin da aka ba yaron, da watan da aka ba shi, da kwanakin da ya sha, da ko ya yi masa wata illa, a naɗe ta a cikin katin rigakafinsa. Ranar da aka sake kai shi asibiti, malamin da ya ga cewa wata biyu da suka wuce ya sha amoksisilin, ko Septrin ya taɓa fito masa da ƙuraje, zai san da wanne zai fara da wanda zai kauce wa.